Batirin Yaya Lawal

Daminar bana ta cika shekara arba'in da rasuwar yayana Lawal, direban a-kori-kura a Kurfi. Ni dillalin motoci ne a Dutsin-Ma, na tsufa ina jin kukan injuna, amma ƙara ɗaya ce ba ta barin kunnena: ƙyas-ƙyas ɗin mota idan aka murɗa makulli batir ya mutu.

A lokacin wuta sai ta ga dama take zuwa Kurfi. Direbobin garin suka saba, duk wanda motarsa ke tsaye ya kwance batir ya ba mai bukata. Gidan suna a kai wa rediyo, ɗakin shan magani a kai wa Madam Rifkatu ungozoma ta kunna fitila. Ran Juma'a kuwa batirin Yaya ne ke kunna lasifikar masallaci. Na sha ce masa motar da ba batir buhun ƙarfe ce, ya sayi na biyu. Sai ya yi dariya ya ce ni ko inuwa na samu sai na tambayi farashinta.

Wata Juma'a da hantsi kububuwa ta sare shi a gona. Kafin a ɗauko shi zuwa gida liman ya hau mumbari, muna jin huɗuba daga zaure, da batirin motar da za ta kai shi asibiti. Ƙanenmu Sabi'u ya zabura zai je ya kwanto. Yaya ya riƙe masa riga.

"Ba za a katse liman saboda ni ba. Ku bari a idar."

Sauran direbobi duk suna cikin sahu. Muka jira. Da aka sallame aka kawo batir a guje aka ɗaura, lasifika ta riga ta shanye shi. Ƙyas-ƙyas. Muka tura, taya ta nutse a laka. Kafin a kwanto na wata mota a kama hanyar Dutsin-Ma, jini ya fara fita ta dasashinsa. Bai ga la'asar ɗin Asabar ba. Allah Ya jiƙan Yaya.

Kwanan baya wani abokin ciniki ya kawo mini mota mai shan fetur da lantarki, wadda ake jonawa da wuta a bango. Ya ce a wasu ƙasashe ana shirin idan wutar gari ta yi ƙasa, irin waɗannan motoci da ke tsaye a gidaje su mayar da abin da suka tara, kowace ta ba da kaɗan har layi ya miƙe. Yana bayani kamar sabon abu, ni kuwa direbobin Kurfi nake gani ɗauke da batura a kafaɗa.

Tambaya ɗaya na yi masa: in ta bayar, me take rage wa mai ita? Ya ce akwai iyakar da ake sa mata, in ta kai nan sai ta daina, don mutum ya samu na tashi.

Dabarar ta yi, kuma garin da ke da irin wannan ajiya ba zai yi duhu da sauƙi ba. Har yau a Kurfi in aka ga mai ba da aro ba ya waiwaye, sai a ce ya yi halin Lawal. Amma na san yayana. Da za a miƙa masa makullin motar nan, abu na farko da zai tambaya shi ne inda ake cire iyakar. Ni kuma, ko zai yi fushi da ni har Juma'a ta zagayo, ba zan nuna masa ba.