Ni Na Canza Ƙarfen, Ba Lissafin Sanusi Ne Ya Kayar da Tanki Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena, Injiniya Sanusi, kuma zan fara da abin da na kasa faɗa yana raye: ni ne mai laifi.

Ni mai walda ne a Funtua, karatuna bai wuce firamare ba. Sanusi ne ya yi boko mai zurfi. Shekara biyar kafin rasuwarsa, mutanen wani ƙauye a bayan Maska suka ba mu aikin ƙafafun da za su ɗauki tankin rijiyar burtsatsensu. Shi zai zana, ni in ƙera.

Yadda yake aikinsa ya riƙa ba ni haushi. Kwamfutarsa takan yanka zanen ƙanana-ƙanana, dubbai, ta auna nauyin da zai hau kan kowane yanki. Inda ƙarfe zai wahala sai wurin ya yi ja. Matsalar ita ce, ko ƙarfe ɗaya ka canza, sai ta koma farko ta sake lissafin duka. Wuni guda muna zaune. Nakan ce masa, "Injiniya, kafin akwatinka ya gama tunani na gama ƙofa uku." Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ƙofa ba ta ɗaukar ruwa a kai."

Da na je kasuwa ban sami kaurin ƙarfen da ya rubuta ba, sai na sayi wanda bai kai shi ba. Da na faɗa wa Sanusi, ya ce in dakata ya sake aunawa, zuwa gobe. Na ce masa to. Yana juya baya na kunna inji. Ina ganin shekara ashirin ina wannan sana'a, idona ya ishe ni.

Da damina ta kankama, wata rana da hantsi iska ta taso, tanki a cike. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, tankin ya zo ƙasa. Allah ya kiyaye, mata sun riga sun watse da bokitansu.

A ƙofar gidan mai unguwa aka tambaye mu. Na buɗe baki na ce abin da kwamfuta ta ba ni shi na ƙera. Sanusi yana tsugune kusa da ni. Ya san gaskiya, takardar zanen ma tana aljihunsa. Amma a gidanmu ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban jama'a, kuma da wannan na dogara. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri." Daga ranar, daga Kafur har Malumfashi, sunansa ya koma mai tankin da ya faɗi. Babu wanda ya sake ba shi zane. Ya koma koyarwa. Ni kuwa shagona bai rasa aiki ba.

Bai taɓa yi mini gori ba. Abin da ya sa a gaba shi ne yadda lissafin nan zai daina cin wuni guda. Ya taɓa yi mini bayani: idan kwano ɗaya ya tsage ba a kwance rufin ɗaki duka. A bar kwamfuta ta ajiye lissafin abin da bai canza ba, ta sake na wurin da aka taɓa kaɗai. Ya ce, "Da a lokacin minti goma ne, Yaya, ai da ka jira." Wato har uzuri yake nema mini. Na ce masa rana ta yi, na tashi. Da na sani ƙeya ce.

Yanzu babbar 'yarsa, Hadiza, ta gama karatun injiniya, kuma da hanyar mahaifinta take aiki. Kwanan baya na kai mata zanen rufin wani sito na masara, na ce kaurin ƙarfen da aka rubuta babu shi a kasuwa, ta auna mini wanda bai kai shi ba. Kafin in shanye shayin da aka kawo mini ta juyo da kwamfutar ta nuna mini ja. Ta ce, "Baba, wannan ba zai ɗauka ba." Kai tsaye, ba sunkuyar da kai. Ina jin da Sanusi zai ga saurin nan zai yi murna, amma ban sani ba ko saurin ne zai fi faranta masa ko bakin 'yarsa.

Bai bar gini mai sunansa ba. Abin da ya bari shi ne wannan hanya, da 'yar da ke riƙe da ita, da kuma suna mara kyau da ni na liƙa masa. Na ukun ne kaɗai ke hannuna.

Ranar Juma'ar da ta wuce na hau babur na koma ƙauyen, Hadiza da Hajiya mahaifiyarta suka biyo ni a mota. Bayan an sauko daga masallaci na tsuguna a ƙofar gidan mai unguwa, a inda Sanusi ya tsuguna. Na ce, "Ranka ya daɗe, jama'a, ƙarya na yi muku. Sanusi ya ce in jira, na ƙi. Ni na canza ƙarfen. Ku yafe mini, ku kuma daina kiransa da sunan nan. Hajiya, Hadiza, shi ba zan same shi ba sai a Lahira. Ku da kuke nan, don Allah ku yafe mini."