Ranar Da Na Cika Wa Dattijo Finjali

Akwai abubuwa da yawa na zamana a Doha da suka soma shige mini, amma ranar da na cika wa wani dattijo finjalin gahawa ba na jin za ta taɓa fita daga raina.

Lokacin shekarata ta biyu ina gadi a unguwar Al Aziziya, tsayuwar wuni guda, ga digirin tarihi a ƙasan akwati. Sai wani direba ɗan Zangon Ghana da nake kira Yaya ya ce maigidansa, wani dattijo, na da tsohon gida a garin Al Wakrah da ya mayar wurin ajiye kayan tarihi, yana neman mai zagayawa da baƙi. Ya ce maigidan zai tambaye ni labarin ƙuruciyar shugaban da ya haɗa kan ƙabilun ƙasar a ƙarni na sha tara. Mako guda na yi ina hadda, har a bakin ƙofa ina ta bita, don in na rasa wannan, ban san yaushe zan bar gadi ba.

Da muka shiga majalisarsa, dattijon bai tambaye ni komai ba. Tulun gahawa ya nuna mini. Ni kuwa da tarbiyyar gida, inda rage wa babba abin sha rowa ce, na tsiyaya a finjali har baki na miƙa da ladabi.

Yaya ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam mai digiri, ka kori mutum daga gidansa. A nan cika finjali na nufin sha ka tashi."

Na fara ba da haƙuri, wai mai yiwuwa hannuna ne ya yi rawa. Dattijon ya yi dariya, ya ce kada in ɗora wa hannu laifi. Sannan ya ba ni labarin da ya ce ya ji daga kakarsa, Yaya na fassarawa. Shugaban ya tashi ne a ƙaramin ƙauyen bakin teku, inda rijiya ɗaya kan haɗa mutane faɗa. Tun yana ƙarami aikinsa tsayuwa da tulu a majalisar mahaifinsa, yana zuba kaɗan-kaɗan don ya riƙa komawa gaban kowane baƙo. A nan ya gane wa ke fushi, wa ke shirin sulhu. Ban tarar da wannan a littafi ba, kuma ba zan rantse a kansa ba, amma na yarda da shi.

Dattijon ya zubar da rabin gahawar, ya miƙo mini finjalin. "Yalla, maza ɗana, sake."

Sau uku na koma gabansa kafin ya girgiza finjali alamar ya ƙoshi. Haddar nan tawa har yau bai nemi jin ta ba. Ya ce in zo in fara aiki ranar Asabar.

Tun daga ranar, in na shiga wurin da ban sani ba, nakan fara kallon hannun mutane kafin in buɗe bakina.