Baba Abdul-Mumuni da mutumin da ke riƙe da laima

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Baba Abdul-Mumuni a asibiti a Whitechapel, London. Ina cikin bas a Old Kent Road 'yarsa Katumi ta kira ni, har na wuce inda zan sauka ban sani ba. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Baba, ba kowa ya san aikin da ka ɗora wa kanka ba. Mahaifinka mai fassarar majigi ne a zangon Kumasi, kai kuma ka kawo sana'ar Deptford. Duk ƙarshen wata kana haska mana tsofaffin finafinan tarihi marasa magana, na shekara ɗari da suka wuce, ka tsaya gefen allo kana ba su murya da Hausa. Sai dai ba ruwanka da jarumai. In Bature ya fito a sarkin Afirka, fuska shafe da baƙi, sai ka ce, "Wannan gindin tukunya ya runguma, ku bar shi, ku dubi baya." A bayan nan ne namu suke: masu dako, masu fifita, masu tsaron ƙofa, waɗanda ko sunansu ba a rubuta ba. Kai ka raɗa musu suna, ka ba su gari da dangi. Akwai mai tulu da ka mayar Fusena, sunan matarka, ka sa tana mitar nauyin tulun, har Hajiya ta yi kwana biyu ba ta kula ka ba.

Mutum ɗaya ka hana suna. Yana riƙe wa sarkin jabu laima, sai ya juyo ya kalli kyamara, ido cikin ido da mu. Duk lokacin da aka zo wurin, sai ka yi shiru. Na tambaye ka dalili, ka ce, "Zarah, wannan ya san ana kallonsa. Uwarsa ta ba shi suna, ba ni da hurumin canzawa."

Sau nawa na roƙe ka in naɗi muryarka? Ka ƙi, ka ce ai shi ya sa aka yi wa mutane baki. Na ji haushinka a lokacin, kuma gaskiya har yau ina ji. Ka tafi da dukkan sunayen, sai ɗan abin da ya maƙale a kawunanmu.

Asabar mai zuwa akwai majigi. Na ce wa Katumi a fasa, ta ce, "Anti, Baba ya riga ya yi booking ɗin ɗakin taro, ba za mu yi cancel ba. Ke za ki tsaya." Ni da muryata ke rawa ko a taron suna. Ina tsoron in buɗe baki mutanen nan na cikin fim su koma bayan allo kamar yadda ka same su. Amma zan tsaya, kuma in mai laima ya juyo, zan yi shiru.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Fusena da Katumi da jama'ar zango a London. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya haskaka kabarinka. Ya kuma jiƙan mai laima, tunda Shi Ya san sunansa.