Allon da Ya Yi Barci a Jirgin Kawu

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Bakura, ni da wani abokina da muke gyaran waya tare. A jakata akwai tsohuwar na'urar karanta littattafai da na yi wata guda ina sauya wa aiki. Kawuna yana tuƙa kwalekwale mai inji a tafkin dam wajen Maradun, idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa kuma sun dage sai ya ajiye tuƙi kafin ya kifar da mutane. Shi kuwa raba shi da ruwa tamkar binne shi ne da rai. Na yi masa alkawarin allo mai nuna zurfin ruwa da manyan lambobi, wanda hasken rana ba ya dushe shi kamar na waya.

A Talata Mafara muka canja mota. Kuɗin mota ya hau har abokina ya tambayi direba ko da karin kumallo a ciki. Muka sayi hoce da ƙuliƙuli, muna ci muna kallon gonakin albasa da shinkafa kore shar a tsakiyar rani.

Mun tarar da Kawu a bakin ruwa, muka yi doguwar gaisuwa har da ta awaki. Na manna ma'aunin zurfi a gindin jirgi, na haɗa shi da ɗan akwatin wayfai, allon ya kama. Lissafin ma da gaba na sa shi, wato tsawon hannu biyu a buɗe, don Kawu bai san mita ba. Da ya karanta "huɗu" ba tare da ya matso ba, daɗi ya kama ni.

Muka ɗauki mata biyar da buhunan dankali, muka nufi ƙetare, babban ɗan Kawu yana zaune yana lura. Mun yi nisa allo na nan a kan huɗu, ina ta hura hanci. Sai Kawu ya rage inji, ya zura gorarsa ta gwada ruwa, wadda ya ƙi bari a gida. Ko tsawon gaba guda ba ta nutse ba.

"Ɗana, wanga abu naka ƙarya shi kai," in ji shi. "Ƙarar ruwan ta sake tun ɗazu."

Kunya ta rufe ni. Ashe na'urar, da ta ji ba a taɓa ta ba, ta yi barci ta saki wayfai don tattalin batir. Irin allonta kuma ko ya mutu ba ya goge rubutun ƙarshe. Da huɗun nan muka bi, da mun hau yashi da mutane.

A ƙetare, ana soya mana kifi, na kashe mata barcin, na sa ta riƙa sake kama wayfai da kanta in ya yanke. Kawu ya ƙara sharaɗi ɗaya.

"In ba ta sani ba, ta yi shiru. Wanga shi ne ilimi."

Na gyara ta yadda da zarar saƙo ya yanke, allon zai koma fari fat.

Da la'asar muka kama hanyar Bakura. Na tafi da niyyar zame wa tsoho ido, na dawo na san kunnensa ne ya fid da mu. A mota ɗansa ya kira ni, ya ce sun bar wa Baba jirginsa. Allon ma ya zauna, amma Kawu ya ce bayan gora zai riƙa zama.