Littattafan Baba Ba Su Shiga Ba

Ana sallame asuba muka fita daga Mandawari, ni da jikan Baba, tsohon malamin unguwarmu da kakanninsa suka zo daga Barno. Kaduna muka nufa, wani ofishi da ke zaɓen tsofaffin littattafan da za a ɗauki hotonsu kafin su lalace. Na Baba kuwa gara ta fara ci. Bayaninsu duka na rubuta shi da XML, wani tsarin rubutu da kwamfuta ke karantawa, yana cikin faifai a aljihuna.

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, amma shingayen hanya na nan, kakin masu tsaron ne kawai ya sauya. A Kwanar Ɗangora muka sayi ƙosai, ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Direba ya ce shi ma ƙosan dimokuraɗiyya yake yi.

Da hantsi muka isa. Wata malama ta saka faifan a kwamfutarsu, ta jima tana kallo.

"Malam, littattafanku duk sun faɗa rukunin da ba a san irinsa ba."

Na leƙa, na ga matsalar. A rubutuna kowane suna yana da ɗafa-goshi, "kn", mai nuna daga wane jerin sunaye ya fito. Manhajarsu ta sauya shi zuwa nata a ko'ina, ban da inda na bayyana irin littafi a cikin alamar zance, kamar "kn:ajami". Wannan ta ɗauke shi rubutu ne kawai, ta bar shi. Sai ya zama "kn" ɗin ba ya nuna komai, shi ya sa ba ta gane irin littattafan ba.

Na ce a ba ni kujera in gyara. Ta ce mai izinin yin gyara a kwamfutar ya yi tafiya, kuma yau ake rufe karɓa, sai baɗi. Ta ba mu haƙuri har bakin ƙofa.

A hanyar dawowa ruwa ya tsuge tun daga Zariya. Bai ɗauke ba har Ƙofar Na'isa.

Tafiyar ta koya min cewa manhaja ba ta gane suna a cikin alamar zance sai an sanar da ita, kuma aiki ba ya kammala sai an gwada shi a kwamfutar da za ta karɓe shi.

Mun tarar da Baba a zaure bayan la'asar. Na yi masa bayani iya yina. Ya gyaɗa kai.

"Baɗi," ya ce a hankali. "To, in ba na nan, ku kai."