Hannun Kaka a ƙarƙashin mayafi

Bayan Kaka ta yi shanyewar ɓarin jiki, ƙafarta ta dawo da wuri, baki ma ya dawo. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun suka dunƙule wuri guda, ita kuwa ta rantse ba za ta kai loma baki da hagu ba. Idan Umma ta zauna za ta ba ta abinci a baki, sai ta karɓi kaɗan ta kau da kai bango. Kullum na dawo daga makaranta, kwanonta nake fara leƙawa kafin in cire abaya. Shinkafar na nan, ta bushe a sama. Awarwaron da ke wuyan hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Akwai matar da ke zuwa gidanmu a unguwar Nuzla ta birnin Jidda tana motsa mata gaɓoɓi, Bahaushiyar Sudan ce, muna kiranta Khala. Ba ita ce likitar ba, mataimakiya ce; likitar ita ake kira Duktora. Takan ɗumama tawul ta naɗe hannun, sannan ta riƙa buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna komawa tana sake buɗewa. Wata rana ta ce akwai wani maɗauri da ake sa wa a tafin hannu, a soke cokali a ciki, mutum ya ci da kansa ko yatsu ba su riƙe ba.

Umma ta miƙe tsaye. "To me muke jira? Yalla, ɗaura mata."

"Ba ni da izini, 'yar'uwa. Doka ce. Ba na fara sabon abu sai Duktora ta duba ta da idonta ta ce a fara."

"Ke da kike nan kullum?"

"Ina nan kullum, amma kafaɗar nan ban san abin da ke cikinta ba. In aka tilasta mata ɗagawa alhali da matsala, ciwo zai ƙaru. Ni kuma a karɓe mini takardar aiki."

Sai muka shiga jiran Duktora. A sa rana, a ɗaga. Umma ta kasa zama, ta share tsakar gida, ta dawo ta sake sharewa. Baba ya kira daga shagon kafilinsa, wato ubangidansa, a kasuwar Balad ya tambaya ko ta zo, a ce masa a'a, ba a jima ba ya sake kira. Ni ma sai in buɗe littafi in tarar kunnena na bakin ƙofa. Na lura da wani abu: aljihun gefe na jakar Khala ya kumbura, kuma ba ta taɓa buɗe shi.

Ranar da aka tabbatar tana tafe, gidan ya juye kamar za a karɓi surukai. Aka yi turaren wuta, aka dafa shinkafa da kaza, aka jera dabino da gahawa. Aka yi wa Kaka wanka, aka sa mata babban mayafinta mai aiki, aka zaunar da ita a falo cikin matasai. Maƙwabta biyu suka shigo taya mu karɓar baƙuwa. Khala na shigowa ta ga falon, na ga fuskarta ta sauya.

Duktora 'yar nan Jidda ce, ba ta jin Hausa, Kaka kuma Larabcinta na kasuwa ne, don haka Khala ke fassara. Ya jiki? Kaka ta ce Alhamdulillahi, sauƙi ya samu. Akwai inda ke ciwo? Babu komai. Tana cin abinci? Umma ta dubi maƙwabta, ta ce tana ci, masha Allah. Da aka ce ta miƙo hannu, Kaka ta fito da yatsun kaɗan, ta ce sanyi take ji, ta mayar ƙarƙashin mayafi. Sanyi, a Jidda, na'urar sanyaya ɗakin ma ta lalace.

Duktora ta dubi agogo. Ta ce ba za ta takura wa dattijuwa ba, a ci gaba da abin da ake yi, in ta sake zuwa ta duba sosai.

Khala ta juya ga Kaka. "Hajiya, ba gaishe ki ta zo yi ba. Duba ki ta zo yi."

"Yo sai in zauna ina yi wa baƙuwa ƙorafi a gaban mutane? Ku ba ta abinci."

Ina zuba gahawa a lokacin, na ji Khala ta yi wa Duktora magana ƙasa-ƙasa da Larabci. Duktora ta ajiye jakarta, ta zauna a ƙasa gaban faranti, ta wanke hannu. Sannan ta ce wallahi ba za ta taɓa abincin ba sai Hajja ta ci tare da ita.

Kaka ba ta taɓa barin baƙo ya fita gidanta da yunwa ba. Ta dubi farantin, ta dubi hannunta na hagu. Can sai mayafin ya motsa, hannun dama ya fito gaba ɗaya, siriri. Ta tura cokalin da bayan yatsu, ya kife a kan shimfiɗa.

Duktora ta bar farantin. Ta matso ta kama gwiwar hannun, ta ɗaga a hankali, tana danna kafaɗar da ɗan yatsa. A wani wuri Kaka ta ce "wash", ta kasa ɓoyewa. An daɗe ana haka. Daga ƙarshe Duktora ta nuna wa Khala iyakar inda hannun zai kai, ta ce kada ya wuce nan, a sa matashi ƙarƙashin gwiwar hannu, Hajja ta sunkuyo da kai ta tari cokalin. "Halas, ku fara."

Khala ta zuge aljihun jakarta, ta fito da maɗaurin, yana cikin ledarsa.

Lomar farko ta zube a cinya. Ta biyu rabi ya isa. Kaka ta harari maƙwabta ta ce, "Ku ba ku da gidan zuwa ne?" Suka sunkuyar da kai suna dariya. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta sake kai cokali. Umma na tsaye bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen gyale.

Kaka ta ɗago ta dube ta. "Wa ya dafa wannan? Babu gishiri."