Ƙullin da Malam Ɗanjuma ke kawowa ranar kasuwa

Har gobe ban manta da safiyar da na hango su ta tagar ɗakin haƙori ba. Wani dattijo ya tsayar da kekensa a gindin darbejiya, ya riƙe shi gam har matar da ya goyo ta sauka. Sannan ya ciro ɗan ƙulli daga aljihu, ya sa mata a tafin hannu, ya rufe yatsunta a kai. Ita kuwa ta kau da kai tana murmushi. Wallahi sai da na dafe ƙirji! Lokacin ina damina ta biyu da fara aiki a wani ƙaramin asibiti a Gummi, kuma aljihun farar rigata ba ya rabuwa da littafin soyayya. Na ce a raina, yau ga abin da nake karantawa ya sauko daga keke.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, ni mai wanke haƙori ce. Ni ke fara karɓar mara lafiya, in cike katinsa, in kankare dattin da ya daskare, sannan likitan haƙori ya shigo ya duba. Likitanmu a lokacin Dakta Yohanna ne, mutumin Filato. A katin akwai tambayar taba: ana sha, ana shaƙa, ko ana sawa a baki. Da na iso kanta sai na dubi matar nan ta kan keke, Inna Hajo, sa'ar kakata, ga carbi a hannunta. Kunya ta kama ni. Na rubuta babu, na wuce.

Dakta ya shigo, ya ja leɓenta na ƙasa, ya leƙa ciki. A cikin kumatun hagu akwai wani farin tabo, ya goga da auduga bai fita ba. Ya ja ni gefe.

"Zainab, kin tambaye ta taba?"

"Dakta, ban iya ba."

"To tambaye ta yanzu, da irin Hausarku."

Na tambaya ina kallon ƙasa. Inna ta zaro ido. "Subhanallahi! Ni ba ni shan sigari, ɗiyag ga. Magani dai nika sawa, don haƙori." Ta kwance ƙullin nan da ya sace mini zuciya. Garin taba ne haɗe da kanwa.

A garuruwanmu na bakin gulbi haka ake yi: haƙori ya yi ciwo, a danna masa garin taba, ya lafa. Nata ya fara tun tana goyon fari. Mijinta, Malam Ɗanjuma, masunci ne, shi ya haye gulbi cikin ambaliya ya nemo mata. Tun daga ranar, duk ranar kasuwa sai ya kawo, shekara talatin da ɗoriya.

Dakta bai ɓoye mata ba. Ya ce irin wannan tabon yana iya zama ciwon daji. Ya rubuta takarda zuwa Sakkwato, aka yanki ɗan kaɗan aka auna, sakamako ya dawo cewa bai zama ba tukuna. Sai muka bi ƙa'idar aiki: aka cire ruɓaɓɓen haƙorin da ya jawo abin, ta zaɓi ranar barin tabar da bakinta, muka ce ta dawo bayan mako biyu.

Ta dawo, ga sabon gari maƙale a dasashi. Dakta bai yi faɗa ba. Ya ce in zauna da ita, ya fita.

"Inna, ƙwaɗayin ne ya fi ƙarfinki?"

"Bari kam na iya bari," in ji ta. "Amma in Malam ya miƙo, in ce mishi mi? Bai taɓa komowa daga kasuwa hannu rabbana ba."

Ashe bai sani ba! Duk zuwan da suke yi, yana gindin darbejiya, don a ganinsa namiji ba ya tsayawa a kan matarsa ana buɗa mata baki. Ko a Sakkwato a waje ya jira. Ita kuma ta ce masa haƙori ne kawai. Na roƙe ta in kira shi. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta gyaɗa kai alamar ta yarda. Da gudu na fita, har takalmina ɗaya ya fice.

Dakta ya haska fitila ya nuna masa tabon, ya yi masa bayani. Malam Ɗanjuma ya cire hula ya riƙe. Can ya ce, "Ashe ni ka kawo mata ciwon da hannuna?"

"Baba, ba ka sani ba," in ji Dakta. "Kuma kai kaɗai za ka iya raba ta da shi."

Ya jinjina kai. "To ranar kasuwa, mi zan kawo ma Innar yara?"

A nan bakina ya kuɓuce. Na ce turaren wuta, lalle, awarwaro, kai har wasiƙa ma ya rubuta mata!

Inna ta kama haɓa. "Wasiƙa? Shi da ko sunanshi bai iya rubutawa? Ke dai a yi miki aure ki huta."

Har Dakta sai da ya riƙe ciki don dariya. Aka tsaya a kan dabino, da ɗan kanumfari ta riƙa sawa a baki in abin ya motsa.

Makonnin farko sun yi wuya: ciwon kai, kasala, saurin fushi. Duk ranar kasuwa suna biyowa, kuma yanzu tare suke shigowa. Wata rana ya ce, "Likita, zaki kun ka ba ni. Jiya da ludayi tab bi ni." Dakta ya ce alamar jiki na sakin taba ce, ya daure, zai wuce. A wata na uku na ja leɓen nan na ga tabon ya motse, ya koma kamar ƙwayar shinkafa. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, sai ga shugabar masu jinya ta leƙo tana tambayar wa ya haihu.

Ku ƙannena da kuka shigo aikin nan, mu muke fara ganin abin da taba ke yi, tun kafin mai ita ya ji zafi. Kada furfura ko carbi su hana ku tambaya. In kun tambaya kuma, ku ƙara da wa ke kawowa.

Malam Ɗanjuma ya rasu bayan shekara shida. A cikin takaba maƙwabta suka kawo wa Inna gari don ta sami sanyin rai, ta sa na kwana uku, ta zubar da sauran. Tana fita takaba ta zo da ƙafarta, ta hau kujera tun ban kira ta ba, ta faɗa mini da kanta, ta ce in duba. Bakin fes yake. Yanzu tana wurin ɗanta a Bukkuyum, kuma wanda ya je kwanan nan ya ce ya same ta a ƙofar ɗaki tana shan rake da haƙoranta.